Mai Askin da Ba Ya Son Rabin Labari

Daga-nan ake ce masa, kuma bakinsa ne ya jawo masa sunan. Mai aski ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga: kujera biyu, dogon madubi da ya tsage a kusurwa, benci, da tsohuwar talabijin a saman kanta. Tun yana saurayi ya kamu da son fim, kuma in ya kalla sau ɗaya ya zauna masa a ka daram. Washegari yana ɗaura maka ƙyalle a wuya zai fara: "Daga nan sai jarumin ya shigo. Daga nan sai 'yan sanda suka iso." Kilifa, injin askinsa, na kuka, shi yana zuba. Akwai masu zuwa aski gashinsu bai ko tsiro ba, don kawai su ji yadda aka ƙare.

Ƙarshen kuwa shi ne gwanintarsa. Yakan ja labari har sai an zo gyaran fuska, reza na kan maƙogwaronka, sannan ya saki: an kama mugu, masoya sun haɗu, uwa ta ga ɗanta. Ya karkaɗe maka wuya da burushi, ka tashi kai fes, rai fes. Yakan ce fim da aski tafiyarsu ɗaya, ba a sallamar mutum da rabin kai.

Ya daɗe shi kaɗai a shagon, kujera ta biyu sai tara ƙura, har ranar da matarsa ta roƙe shi ya ɗauki ƙaninta, wanda aka rufe kamfanin da yake wa aiki. Dogo ake kiransa. Mutum ne mai sanyi, hannunsa bai kai na maigidan ba, magana kuwa sai an tatse shi. Daga-nan ya ji daɗin haka, don ya sami ƙarin kunne.

Wata rana da hantsi wani direban tasi ya kawo fim a filashi, aka sa a talabijin. Labarin wata mata ce da ta sami aiki a gari mai nisa, mijinta kuma bai hana ba, bai yarda ba. A ƙarshe ga ta a tasha da jaka, bas ya tashi inji, kwandasta na kira, mijin na kutsowa cikin jama'a. Ta ɗora ƙafa ɗaya a matakala, ta waiwayo. Sai allon ya yi baƙi.

Daga-nan ya ajiye almakashi ya kai wa talabijin duka, a zatonsa wayar wuta ce ta kwance. Sunayen 'yan wasa suka fara hawa sama. Shago ya kwashe da dariya.

"An cuce mu!" in ji shi. "Daraktan nan dabara ce ta ƙare masa, ya tsere ya bar mana aikinsa. Wannan ai ragwanci ne."

Dogo, wanda ke gyara wa wani malamin makaranta saje, ya ce a hankali, "Ni kuwa, Yaya, nan ne ya burge ni. Da an nuna ta hau, kafin gobe mun manta da ita." Ya duƙa ya tambayi wanda yake wa aski: "Malam, kai a ganinka ta hau?"

Malamin ya ce ta hau mana, mace mai ilimi. Direban ya ce sam, wadda za ta tafi ba ta waiwaye, shi ya san fasinja. Mai guga ya leƙo da rigar wani a hannu ya ce ku dubi jakar, ai ba ta da nauyi, barazana ce kawai. Har aka gama askin ba a gama gardamar ba.

Daga-nan ya ɗauka abin na kwana biyu ne. Amma fim ɗin ya zagaye layin, waya zuwa waya, kuma duk wanda ya kalla sai ya zo shago da nasa ra'ayin. Dogo ba ya ba da labari, tambaya kawai yake yi, ya yi shiru mutum ya yi ta zuba. Sannu a hankali mutanen benci suka fara matsawa wajen kujera ta biyu. A madubi Daga-nan yake ganin komai. Ranar da wani tsohon kwastomansa, wanda ya yi wa askin angonci da hannunsa, ya ce, "Bar shi kawai, zan jira Dogo," sai Daga-nan ya yi murmushin yaƙe. Ya shiga wanke kilifar da ya riga ya wanke.

Daga ranar komai na Dogo ya zama laifi. Yana ɓarnar hoda. Ba ya share gashi da kyau. Tsayinsa na tare haske. In gardama ta yi daɗi a can gefen, sai Daga-nan ya ƙure rediyo. Da duk wannan bai yi ba, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba a kan fim: ya yi ƙarya.

"Na samo cikakkensa," ya gaya wa benci wata safiya. "Wanda kuka gani yankakke ne. Daga nan sai ta sauko, ta faɗa jikin mijinta tana kuka, bas ya tafi."

Aka juyo gare shi kamar da. Ya ji sanyi a ransa. Sai dai mai gyaran waya yana wurin, ya zaro wayarsa ya yi ta latse-latse, ya ɗago ya ce babu wani cikakke a ko'ina. Dariya ta fara tasowa. Dogo ya tare ta: "Wataƙila wani fim ne mai kama da shi Yaya ya gani." Da zaginsa Dogo ya yi da ya fi wa Daga-nan sauƙi. Wannan rufin asirin shi ya fi ƙona masa rai.

Ranar hutu da yamma ya dawo gida ya tarar da matarsa da ƙaninta a falo, kai a haɗe a kan waya, fim ɗin dai. Allo na yin baƙi ta ce, "Ta hau."

Dogo ya yi dariya. "Ke ai dole ki ce haka."

Suka dubi juna, irin duban mutanen da suka san abin da na uku bai sani ba. Daga-nan ya daure har Dogo ya fita, sannan ya tsaya a kanta tana ninke kayan yara.

"Me ya sa ya ce dole ki ce haka?"

"Au, kai ma ka shiga gardamar?"

"Tambayarki nake yi."

Ta ajiye rigar hannunta. Ta ce a shekararsu ta farko da aure, kafin a haifi babbar 'yarsu, an ba ta gurbi a makarantar koyon aikin jinya a wani gari. Ta yi ta neman yadda za ta gaya masa, amma kullum ya dawo da labarin fim a baki, ya yi ta yi har barci ya kwashe shi. Ranar da za a rufe karɓar ɗalibai ta haɗa jaka, Dogo ya kai ta tasha a babur. Ta tsaya har bas ya cika ya tafi, sannan ta ce ya mayar da ita gida. Ta iso kafin maigidan ya rufe shago.

"Me ya hana ki hawa?"

"Ban sani ba, Baban yara. Wallahi har yau ban sani ba."

"Kina nadama?"

"Wata rana e, wata rana a'a." Ta ɗauki rigar ta ci gaba da ninkewa.

Ya zauna a hannun kujera. Ba tafiyar ce ta fi cinsa ba, tunda ga ta a gabansa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne, duk shekarun nan wani ya san labarin gidansa da shi bai sani ba, kuma wanin yana tsaye kusa da shi kullum yana aski bai taɓa ko tari a kai ba.

Bai kori Dogo ba, bai kuma yi masa maganar ba. Amma zaman ya ƙi daɗi, kuma kafin shekara ta zagayo Dogo ya kama ƙaramin shago a tsallaken titi. Rabin benci ya bi shi. Suna gaisawa, suna aron reza, in wuta ta ɗauke janareta ɗaya suke ja. Duk da haka, in Daga-nan ya hango mutane sun cika can suna ɗaga hannu suna musu, sai fuskarsa ta canza, kuma har yau ra'ayinsa na nan: fim ɗin da bai ƙare ba ha'inci ne.

A gida ne kawai aka ga sauyi. Yanzu in ya dawo sai ya ja kujera ya ce wa matarsa ta ba shi labarin wuninta, tun daga fitarsa. Wa ya zo, me aka ce, ita me ta ce. Da farko ta ji daɗi. Daga baya ta kai ƙararsa wajen babbar 'yarsu, ta ce ubanta ya zama ɗan sanda, ko kasuwa ta je sai ya tambaye ta ta wace hanya ta dawo.