Ranar da Sabon Injin Zuƙe Masai Ya Kusa Shan Tabarya

Sunayen jikokina sun fara zubewa daga kaina, amma ranar da aka sauya mana injin zuƙe masai tana nan daram, da ita za a binne ni. A lokacin ni ne mai kula da gidan wanka da bahaya na wata kasuwa tsakanin Batsari da Safana. Firamare ban gama ba, amma a ilimin masai ni babban malami ne, ɗalibai ne dai ba sa zuwa.

Tsohon injinmu ya tsufa har ya koyi halinmu: tari, fushi, da barci ana tsakiyar aiki. Maganinsa ɗaya ne, in ya mutu a ɗauko tabarya a zuba masa a ƙugu, sai ya farka. Kowa a kasuwar ya san wannan.

Wata damina ramin ya cika har ya fara tsiyaya ta bayan rumfunan mahauta. Duba-gari ya zo hanci a toshe, ya rantse in ranar kasuwa ta same shi haka, ba mai rataye ko ƙafar akuya. Dole ƙungiyar 'yan kasuwa ta sayo sabon inji daga Katsina, wani makanike mai tumbi ya ɗaura shi a kan motar tanki. Ana gobe kasuwa aka tayar da shi, yana zuƙa gwanin sha'awa. Makanike ya tafi sallar La'asar. Bai daɗe ba inji ya yi tsit.

Sarkin pawa ya dube ni. "Kai tsoho, wannan ma ɗan gidan wancan ne? Ina tabaryar?"

"Ranka ya daɗe," na ce, "baƙo ne, a fara masa a hankali."

Ya naɗe hannun riga, ya ɗauko tabaryar ya ɗaga ta sama, mahauta suna "Ba shi, sarki!" Sai ga makanike a guje da takalmi ɗaya, ya kife tumbinsa a kan injin.

"Sarki, gara ka buge ni! Me ya yi maka?"

"Mutuwa ya yi, za mu tashe shi."

"Ƙoshi ya yi! Tanki ne ya cika, shi ya sa ya tsaya da kansa. Da ya ci gaba, da yanzu kuna wanka da abin da kuka tara!"

Muka leƙa, tanki fal. Tun da muke da tsohon injin ba mu taɓa ganin tanki ya cika haka ba. Aka yi ta kaiwa ramin bayan gari ana juyewa har masai ya koma wayam. Washegari duba-gari ya zagaya, ya shaƙi iska kamar mai neman rigima, bai samu ba, ya zauna ya ci tsire.

Tun ranar na gane, in za ka sauya tsohon inji, ka haɗa da halin da ya koya maka ka fitar. Kuma in abu ya yi shiru, ka tambaya kafin ka buga.