Na Busa Wa Jikata Bututun Likita

A shekarar da fari da fara suka cinye geron ƙasar Gazawa, ni mahauci ne a kasuwar Gangara. Lakol, wato makarantar boko, kwana tara na yi aka koro ni. Abin da na iya shi ne in tsaga ƙafar akuya, in kafa baki in hura ta ta kumbura kafin fiɗa. Shekarar nan kuwa dabbobi na ta faɗuwa, ƙirjina ya samu aiki.

Ina da jika mai shekara bakwai, mai ciwon sikila. Ubanta yana aiki a Faransa, can aka yi mata dashen ɓargo, daga baya aka dawo da ita wajenmu da wani bututu mai lambobi. Likita ya ce bayan dashe huhu yakan lalace shiru, ba tari ba zazzaɓi, don haka kullum ta busa, uwarta ta rubuta lambar. In lambar ta sauka, a ruga asibiti.

Sai lambar ta fara sauka. Yarinya ta yi ta kuka, ta ce ni mijin banza ne tunda ina kallo ana wahalar da amaryata. Ni kuma na ɗauka jarrabawa ce take faɗuwa, irin tawa. Kullum in uwarta ta juya neman biro, sai in fizgi bututun in busa wa yarinyar. Mako uku muna cin jarrabawa.

Ran da muka je Maradi da takardar lambobin, likita ya duba, ya ce ko dai yarinyar nan bijimi ce ko akwai mahauci a gidanmu. Ya ba ta bututun, ta busa, tsinken da ke nuna lambar ya ɗan motsa. Ya miƙo mini. Da na yi shiru ma da sauƙi, amma girman kai ya sa na busa har tsinken ya buga ƙarshe.

Huhunta ya riga ya taɓu. An kwantar da ita, Allah ya sa an cim ma abin, sai dai mako ukun nan ba su dawo ba. Yau ta girma, amma in ta ɗauko ruwa sai ta huta sau biyu a hanya. Takan yi dariya ta ce in zo in busa mata. Ni dariyar ba ta fita.

'Yan'uwana tsofaffi, awon likita ba jarrabawa ba ce. In lambar yaro ta sauka, ku bar ta ta sauka, ku ɗauke shi ku tafi.