Na Je Na Ga Tuffata a Bishiya

Tashi daga Morrisania

Ana idar da sallar asuba ranar Lahadi na shiga motar Malam Isuhu, mutumin Maradi da ke ɗauko mana kayan marmari, zan bi shi gonar tuffa. Maigidana ya rako ni bakin titin unguwarmu Morrisania, a Bronx, yana mita.

"Hajara, ki bar tuffar nan ki koma ayaba mana."

Na ce sai na dawo. Tun shigowar kaka tuffar da nake kasawa a teburina ta zo fari-fari, ba ja. Maman Sadiya, maƙwabciyata, ta bi matan unguwa tana cewa ɗanya ake tsinko min a nuka da magani. Ciniki ya tsaya, sunana kuma ya ɓaci. Sunan ya fi yi min ciwo.

Hanya

Muka haye gada, muka miƙa arewa, kogi na gefenmu. A wani gidan mai muka sha shayi da biredi mai tauri kamar katako.

"Hajiya, mi za ki gani a gona?" in ji Malam Isuhu. "Itace dai itace ne."

"Idona nake so ya gani, Malam. Na gaji da ji."

Gona

Da hantsi muka isa. Baƙar raga ce shimfiɗe bisa bishiyoyin, layi bayan layi. Ina shiga ƙarƙashi haske ya dushe kamar hadari ya haɗo. Mai gonar, wata tsohuwar Baturiya mai takalmin roba, ta ce ƙanƙara ta taɓa zubo mata ta farfasa amfanin shekara guda, shi ya sa ta rufe. Rana ce ke sa tuffa ja, raga kuwa tana tare wani abu daga ranar. Mu da muke tsintar ƙanƙara muna tsotsa can ƙasarmu, ashe nan annoba ce.

Ta kai ni layin gefe da ba a rufe ba. Jajaye ne gwanin sha'awa, amma duk tabo, wasu rana ta ƙona musu gefe. Na koma inuwa na tsinki fara da hannuna na gatsa. Ruwa har haɓa, zaƙi ba laifi. Na ji hawaye, na fushi ba na murna ba.

Da mai gonar ta ji labarina sai ta ce tana da layuka ƙarƙashin farar raga, wadda ta fi barin haske, kuma nasu sun fi ja. Ta ce in ɗauki waɗannan, magana ta mutu.

Malam Isuhu ya ce, "To, ga mafita."

Na ce a'a. In na koma da ja, gobe Maman Sadiya za ta ce ashe gaskiyarta, an kama ni na canza. Na sa aka loda min farar tuffar nan ta ƙarƙashin baƙar raga, har da ƙari.

Gida

Bayan la'asar muka shigo Bronx. Washegari na jera su a gaban tebur, na ajiye wuƙa, duk mai wucewa in yanka mata. Wasu sun ɗanɗana sun saya, wasu har yau ba su dawo ba.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, na gode wa Malam Isuhu. Maman Sadiya kuwa in ta hango ni sai ta tsallaka titi. Titin da faɗi, ya ishe mu.