Ƙarangiyar da Na Shuka a Gidan Kansila

Mahaifina mai saƙar zana ne, kuma duk gambar da yake saƙa da ita daga fili ɗaya take fitowa. Idan ka fita ta Ƙofar Marusa ka miƙe kamar za ka Batagarawa, kafin gine-gine su cinye wurin, akwai wata saura mai faɗi da ba a nomawa. Babu itace a cikinta sai 'yar sabara nan da can. Ƙasa-ƙasa harkiya ce da burburwa, sai kyasuwa, sai gamba da ke wuce kan mutum tsawo idan damina ta yi kyau. Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ke da takardar wurin. Amma kowane mai yankan ciyawa ya san nasa. Da gamba ta fara fitar da kai, Baba zai zagaya ya ƙulle kawunan wasu, shi ke nan ya kama wuri. Ko Bafulatani ya koro shanu, in ya ga ƙullin nan sai ya kauce.

Shekarar da soja suka koma bariki ina ɗan acaɓa, na yi aure har da ɗiya ɗaya. Wani ɗan unguwarmu ya ci kansila. Tare muka yi makarantar allo, kuma zanan da ya kewaye gidan uwarsa Baba ne ya saƙa shi. Ni na yi ta ɗaukar masa mutane zuwa rumfar zaɓe, kyauta, don wauta.

Saura mako biyu gamba ta isa yanka sai muka ji ya sa katafila a filin, wai za a yanka fulotai. Na ɗauki Baba a babur muka je. Baba ya cire takalmi, ya rusuna wa yaron da ya haifi kamarsa. Bai ce a bar masa filin ba. Cewa ya yi: “Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu ta bushe in yanke, sai ku yi abin da za ku yi.” Kansila ya yi dariya ya ce: “Haba Baba, ciyawa ce fa! Mi za a jira a kan ciyawa?”

A gabanmu katafila ta bi ta kan ƙulle-ƙullen Baba. Gamba in an yanke ta da lauje aka bar tushe, baɗi za ta dawo. Wannan kuwa tumɓuke ta aka yi har saiwa. Baba bai sake saƙa zana ba.

Ni ba mai haƙuri ba ne, kuma ban taɓa cewa ni mai haƙuri ba ne. Shekara biyu ina wucewa ta wurin ina kallon gidan da kansila ya gina a fuloti mafi girma, zuciyata na tafasa. Sai kuma ga abin da ya ƙarasa ni: mutumin nan ya sa aka kawo masa ciyawa a mota, irin ta Turawa, gajera, aka shimfiɗa a tsakar gidan kamar darduma. Tankar ruwa ke zuwa ba ta ruwa da rani, unguwarmu kuwa muna bin 'yan garuwa. Ashe dai ciyawa abar so ce, ta Baba ce kawai ba ta da daraja!

To, ni ɗan mai ciyawa ne, na san wadda ba a so. Da kaka na bi gefen hanyar Batagarawa na tara ƙarangiya busasshiya, buhu guda, hannuwana har suka kumbura. Na ɗan murza ta a tsohon turmi, na gauraya da rairayi don kada ta manne wa tufa, na ajiye har hadari ya fara haɗowa.

Kowace safiya 'yan gaisuwa kan cika gidan kansila, su zauna a kan ciyawar suna jiran ya fito. Na shiga cikinsu. Na huda aljihun rigata biyu, na cika su. In ya fito, ni ne mai ɗaga murya: “Sai ka yi, Onarabul!” Ina faɗi ina zagayawa, rairayi na zuba ta ƙasan riga. Kwana tara na yi ina zuwa, kowace rana kusurwa daban. Har ya taɓa dafa kafaɗata ya ce ni ɗan halak ne. Na ce masa ai bai ga komai ba tukuna.

Ƙarangiya tana ƙarama ba ka bambanta ta da wata ciyawa. Suka yi ta ba ta ruwa da taki, tana godiya. Sai da damina ta yi nisa ta fitar da kai. Wayyo daɗi! Ranar da kansila ya tara manyan jam'iyyarsu walima na faka babur a bakin ƙofa ina kallo. Alhazai suna tashi, manyan riguna sun kwashe ta har wuya, kowa na tsalle yana karkaɗe gindi. Na yi dariya har da hawaye, kuma ko yau na tuna sai na ji sanyi a raina. In an yanke ta, ta zubar da iri. In an bar ta, ta zubar da iri. Mai kula da lambun ya gudu. Aka ce ba magani sai a bi ta tushe-tushe a cire da hannu, kuma sai wanda ya san ciyawa.

Ni ban ji wannan zancen ba sai wata la'asar da na biya gida gaida su Baba. Inna ta ce ai kwana uku ke nan da Baba ya sami aiki. Ban gama tambayar wane aiki ba ya yi sallama. Ƙafar wandonsa ta yi baƙi da ƙarangiya. Yana tafe a duƙe, hannuwansa a buɗe don ba ya iya dunƙule su. Kansila ne ya tuna da shi, ya aika aka kira shi.

Ya zauna a tabarma, ya ce wa Inna ta miƙo allura, ya ba ni. Na kama hannunsa. Ƙayoyin sun shige ƙarƙashin farce da tsakanin yatsu, wasu sun fara ruwa. Ina cira yana runtse ido. Na ce: “Baba, ka bar aikin nan. Wallahi ba za ka ƙara zuwa gidan azzalumin nan ba.”

Ya ce: “In bari in ci mi?” Sannan ya ƙara da cewa: “Shekara hamsin ina cikin ciyawa, ban taɓa ganin ƙarangiya ta fito daidai wa daida a kowace kusurwa ba. Wannan shuka ta aka yi.”

Ban ɗago kai ba. Ya miƙo mini ɗaya hannun.

“Yi sauri ka gama,” in ji shi. “Gobe da sassafe zan koma. Ko rabi ban yi ba, wanda ya shuka ta bai yi rowar iri ba.”