Dangar da Ta Rame

Shekaranjiya ɗan ƙanwata da ke can ƙasar Turai ya turo mana hoton ƙofar gidansu a waya. Dusar ƙanƙara ta binne motoci har gilashi, shi kuma ya dunƙule cikin riga, ba a ganin komai sai hanci. Yara suka yi ta dariya suna miƙa wa juna wayar. Ni dai na karɓa na duba na ajiye, dariyar ta ƙi zuwa. Mutumin da ya fara gaya mini akwai irin wannan abu a duniya, maƙaryaci aka kira shi a gidanmu, daga baya aka ƙara masa da ɓarawo.

Kada ka ce ai garinmu Gadarif ƙasar zafi ce, me muka sani game da sanyi. Zo bayan an kwashe riɗi, an shiga yankan dawa, ka kwana ɗaya a ɗakin ciyawa sannan mu yi magana. Ɗari ne mai shiga ƙashi. Baƙar ƙasar nan tamu takan dare, dugaduganmu ma su dare, Inna ta bi mu da man riɗi tana shafawa muna kuka. Ruwan randa kuwa in ka kurɓa da safe sai haƙoranka sun amsa. Kowa yakan raɓe a bakin kanun, murhun gawayin da ake dafa shayi, har rana ta ɗaga.

Kowa ban da Kaka, mahaifiyar Baba. Ita a tsakar gida take alwala da ruwan randa, inda kowa zai gani. In aka matsa mata wuri a bakin wuta sai ta ja tsaki.

"Ni da na tako daga yamma da ƙafata, goye da ƙanena, muna kwana a daji ba bargo, wannan 'yar iskar ce za ta zaunar da ni gaban wuta?"

Duk unguwa an san ta da wannan. Da ita ake yi wa yara gori in sun ƙi wanka, kuma tana jin daɗin hakan ba kaɗan ba.

A shekarar da nake ba ka labari, cikin masu yankan dawar da Baba ya ɗauka akwai wani Bahabashe da ya shigo ta Gallabat, garin kan iyaka. Tari ya kayar da shi, abokan tafiyarsa suka yi gaba. Baba ya ce ya zauna a rakubarmu, rumfar da ke jingine da dangar gida ta waje, har ya ji ƙarfi. Ni Inna ke aika masa da kunu. Wata safiya ta haɗa mini da garwashi a kasko, shi kuwa ya ce in mayar. Cikin karyayyen Larabcinsa ya ce sanyinmu wasa ne, a kan dutsen garinsu ruwa kan daskare a ƙwarya sai an fasa shi, kuma wani farin abu kan sauko ya rufe ƙwanƙolin dutsen. Na ruga ciki da labari.

Kaka ta taɓe baki. "Ruwa ya zama dutse? Wanda ya iya shirga wannan, a riƙa duba awaki kafin a kwanta."

Ba a jima ba danga ta fara ramewa. Dangar kara ce, ita ce suturar gida, kuma sabuwa, don a kakar nan Baba ya ɗaure ta. Sabon kara kuwa sai can gona mai nisa, shi ma shanun makiyaya sun riga sun bi ta kansa. Da fari ɗan haske ne ke ratsowa, sannan ta kai mai wucewa in ya so zai hango matan gida. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kullum Baba sai ya tsaya gabanta yana girgiza kai. Aka ce awaki ne. Aka ce jakin maƙwabci ne, har shi da Baba suka daina gaisawa sosai. Yayana ya sha bulala a banza. Kowa sai kallon hannun kowa yake.

Kaka ce ta karkata maganar. Ta ce a duba wanda ya ce ba ya jin sanyi, alhali ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar lori. Baba ya je ya duba rakuba, bai ga toka ba. Ta ce wanda ya iya sata ai ya iya binne toka.

Ni kuwa a lokacin wani abu ya fara yi mini ƙaiƙayi a rai. Sharar ɗakin Kaka aikina ce, amma a ɗarin nan ta hana ni kai tsintsiya ƙarƙashin angarib, gadonta na igiya. Turaren wuta kuma da take ɓoyo sai Juma'a, yanzu kullum ɗakin ƙamshinsa yake, har ya yi yawa. Wata safiya ta shiga maƙwabta barka, na durƙusa na leƙa. Kasko ne cike da tokar kara, da sauran ɗumi, ga guntayen da ba su gama ci ba. Dangar ta bayan ɗakinta ta bi, miƙa hannu kawai za ta yi. Kafin asuba take hurawa, hayaƙinta ya gauraya da na madafin Inna.

Na tarar da Inna tana yin kisra, siririyar wainar dawa, na raɗa mata. Ko mamaki ba ta yi ba. Ta kama cinyata ta murɗe har na ga taurari.

"Ke kaɗai ke da ido? So kike ubanki ya ji uwarsa ce ke tsiraita masa gida? Baƙo gobe zai tafi, ita kuwa a nan za a binne ta. Rufe mini baki."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Kullum Kaka sai ta ɗaga murya, yadda za a ji daga waje, ta ce ita ba za ta zauna gidan da ake kiwon ɓarawo ba. Ƙarshe Baba ya sallami baƙon. Mutumin nan bai yi musu mai tsawo ba, cewa kawai ya yi Allah ya sani. Ya naɗe laujensa cikin tsumma, ya tsaya ta bayan danga ya yi wa mutanen gida godiyar kunu, ya ce a yafe masa. Inna ta amsa can ƙasa-ƙasa. Kaka ba ta fito ba. Ina jin tarinsa har ya sha kwanar hanyar tasha, kuma na ji haushin Kaka ranar nan irin wanda ban taɓa ji ba.

Daga ranar ko kara ɗaya bai sake ɓacewa ba. Baba ya ce, "To, kun gani?" Mu da muka sani mun ga wani abu dabam. Kaka ta ɗaure kanta da igiyar da ta murza, don in ta sake zare kara ɗaya asiri ya tonu. Sauran ɗarin nan haka ta ci shi ba wuta. Da safe leɓɓanta sun yi fari, yatsunta sun kasa jan carbi. Inna ta kai mata kanun bakin ƙofa da sunan shanya zanen goyo, Kaka ta sa ƙafa ta turo shi waje, ta ce, "Na roƙe ki?" Na tausaya mata, amma ban daina zarginta ba, har yau kuma ban san wanne ya fi yawa a raina ba.

Yanzu gidan katangar bulo ce, ba abin da za a zare. Na kusa kai shekarun Kaka, kuma in sanyi ya kama ni da babbar murya nake faɗa, a kawo mini wuta da bargo, jikoki su yi ta tsokanata. Amma duk tsohon da ya ce mini shi ɗari ba ya taɓa shi, ba na gaskata shi. Ban sani ba ko mutumin nan ya kai gida da tarinsa. Abin da na sani shi ne Baba har ya koma ga Allah yana ba da labarinsa a matsayin darasin sauke baƙo, rakubar ma kafin damina ya rushe ta. Bayan shekarar nan, duk ma'aikacin da ciwo ya kayar a gonarmu, a gonar yake kwana.