Ranar da Buta Ta Kife a Tabarmar Kaka

Jiya maƙwabciyata ta ɗora bagaruwa a wuta. Warin nan mai ɗaci-ɗaci ya ƙetaro katanga, sai na ga kaina a gidanmu na Birni, a Damagaram, tsaye bakin ɗakin Kaka da allon lakwal, makarantar boko, a hammata, an ce kada in shiga.

Ni yarinya ce marar magana. A lakwal, in mushe, malaminmu, ya yi mini tambaya sai ya kara hannu a kunne kafin ya ji amsata. Amma a gaban Kaka bakina buɗewa yake yi. Nakan kwaikwayi yadda mushe yake shaƙe hanci in zai yi Faransanci, da tafiyar matar kumandan, baturen mulki, a kasuwa, kamar ƙasa na ƙona mata ƙafa. Kaka takan yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Allah ya shirye ki, ƴar nasara."

Wata damina Kaka ta yi doguwar jinyar tari. Da ta tashi, sai ta sauya mini. In na fara wasana, sai ta ɗaure fuska ta ce, "Je ki wurin uwarki." A kwanakin ne aka kawo ƴar kawuna daga ƙauyen Gouna. Ta ɗan girme ni, ba ta dariya, ba ta sa kowa dariya. Ita take shiga ɗakin Kaka a saki labule. Ita take dafa bagaruwa ta kai bayan ɗaki a kwatarniya. Ita take wanke waɗansu tsummoki ta shanya can bayan rumbu, a garin da ruwa yake da wuya kamar namu, ba mai ce mata ta yi ɓarna. Har ƙamshin turaren Kaka ya kama zanenta.

Na ƙi yarinyar nan. In ta wuce nakan shinshina ƙamshin. Ni da na iya karatu, ni da aka haifa a gidan, an ajiye ni an ɗauki ƴar ƙauye mai kaushin ƙafa.

Shekarar da aka samu mulkin kai, mata suka cika tsakar gidanmu ranar biki. Kaka na zaune a tabarma cikin sabon zane. Wata gwaggo ta ce, "Ƴar lakwal, yi mana matar kumandan, tunda dai nasara sun tafi." Kunya ta kama ni, amma na ga ƴar kawuna zaune jikin Kaka, sai na tashi. Na yi tafiyar, na toshe hanci da gefen kallabi. Gida ya ɗauka. Kaka ta cije leɓe, ta cije, dariya ta ƙwace mata, tari ya biyo baya.

Sai ta yi tsit. Nan take ƴar kawuna ta miƙe, ƙafarta ta doki buta, ruwa ya malale a tabarma har zanen Kaka. Mata suka hau ta da faɗa: "Ba ki gani ne? Sabon zane!" Ta sunkuyar da kai, ta kama hannun Kaka suka shige ɗaki.

Ni kaɗai na lura tabarmar ta jiƙe tun kafin butar ta kife.

Da yamma na tambayi Inna, mahaifiyata. Ta ce, "Haihuwa ce. Ta yi da yawa, ga daka, ga tulu, ga tarin nan. Mara ta saki, ba ta riƙo. In ta yi dariya ko atishawa sai ya ɗigo, alwala ta tafi. Kada in ji a bakinki."

Kada ku zaci sanin ya raba ni da kishi. Ƙaruwa ya yi. Ashe akwai abin da Kaka ta yarda wata ta gani, ni ta ɓoye mini. Har ta rasu ban ƙara jin dariyarta ba.

Yanzu zamani ya sake. Da abin ya same ni bayan haihuwar autana, ungozomar likita, wato asibiti, ta gaya mini ba tsufa ba ne kawai, ba kuma abin ɓoyo ba ne. Ta koya mini in riƙa matse naman ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari, in saki, in sake, kullum. Ta ce in magance tari da taurin bayan gida, in rage ƙiba, in ya ƙi akwai aikin tiyata. Cikin ƴan watanni na samu sauƙi. Abin da ya hana Kaka dariya har kabari ke nan.

Bara na je Gouna gaida ƴar kawuna, duk mun tsufa. Na gaya mata irin kishin da na yi da ita.

Ta ce, "Ke kike kishina? Ni wanki na yi mata. Ko sau ɗaya ban taɓa sa ta dariya ba."