Miyar da Ake Yi wa Tsaki

Duk wanda ya zauna unguwar Hindawiyya ta Jidda shekarun baya ya san Hajiya Barakatu Girka, in bai san fuskarta ba ya san ƙamshin tukunyarta. Mutuniyar Ɗambatta ce. Ta zo aikin Hajji a 1977 ita da mijinta Na'ibi, jirgi ya kwashe alhazai ya bar su suna cewa sai baɗi. Na'ibi ya yi baɗi goma sha ɗaya aka kai shi makwancinsa a nan Jidda, ita kuwa ta daina ƙirgawa.

Laƙabin Girka a bakin murhu ta samo shi. Shekara tara ta yi tana aiki a gidan wani injiniyan jiragen ruwa mutumin ƙasar Girka, waɗanda Larabawa ke ce wa Yunani. Mutumin yana da uwa, wata ƙanƙanuwar tsohuwa mai baƙaƙen kaya, 'ya'yan gidan suna kiranta yaya. Barakatu ta yi wata guda tana mamakin gidan da yayar yara ta ba saba'in baya, kafin ta gane kaka suke nufi. Tsohuwar ba ta jin Larabci, Barakatu ba ta jin Girkanci, don haka aka yi karatun da ludayi: in ta yi daidai a gyaɗa kai, in ta kuskure a ƙwala mata a bayan hannu. Da haka ta iya naɗe shinkafa a ganyen inabi, ta iya jera baƙin gauta da niƙaƙƙen nama a gasa, ta kuma iya shurba, wato miyar ƙwai da lemun tsami, wadda ita ce ta jawo duk wannan rigima.

Ga yadda ake yinta. A dafa kaza da 'yar shinkafa, a kaɗa ƙwai da ruwan lemun tsami, sai a riƙa tsiyaya romo mai zafi cikin ƙwan kaɗan-kaɗan. Ana tsiyayawa mai girki tana tsuke baki tana tsotsar iska, kamar mai yi wa jariri sumba daga nesa, wai don kada ƙwan ya tsinke. Barakatu ta tambayi dalili da hannu, tsohuwa ta amsa da ludayi, magana ta ƙare.

Da Girkawan suka koma ƙasarsu, ta kama yi wa gidajen biki ganyen inabi da sambusa. Ba ta tara komai ba, ba ta da ɗa ba ta da jika, iƙamarta ma, wato takardar izinin zama, yau da rai gobe a mace. Abin da take da shi Alhamis ce. Kowace Alhamis bayan azahar sai ta shimfiɗa leda a ƙasa, mata bakwai takwas su zagaye, a ci a yi gyatsa. Kan gaba wajen zama ita ce Hajiya Dela, mai sayar da turare, aminiyarta tun daga Mina.

"Baraka, wannan miya ce ko kunun mai jego? Ba daddawa, ba yaji," in ji Dela, tana miƙo kwano a ƙara mata na uku.

"Ajiye min abina, in bai yi miki ba."

"Ai taimakonki nake, kada ya kwana."

Haka aka yi ta yi muddin tana unguwar Karantina, inda murhunta yake can saman bene, ba mai ganin girki sai ya sauko a tire. A 1999 mai gidan da take haya ya tashe ta, ta samu ɗaki ɗaya a Hindawiyya, tsakanin wurin zama da wurin girki labule ne kawai.

Alhamis ta farko a sabon ɗaki ta ce shurba za a sha, don albarka. Mata suna zaune ana hira, ita tana bayan labule tana aikinta yadda ta saba. Da ta fito ta tarar ɗaki ya yi tsit. Kowace ta ɗan taɓa cokali biyu. Dela, wadda ba a taɓa ganin ta bar ƙashi da nama ba, ta ce cikinta ne ba daɗi. Kafin la'asar an watse.

Alhamis ta biyu ba wadda ta zo. Ta uku ma haka. Barakatu ta raba kaza biyu ga maƙwabta Yamalawa, ta zauna tana lissafin laifinta, ba ta samo ko ɗaya ba. Ta haɗu da wata daga cikinsu a kasuwar Bab Makka, matar ta gaishe ta a tsaitsaye kamar mai tsoron a shafa mata ƙazwa.

Khadijatu ce ta fasa ƙwan, matar ɗan Dela, haifaffiyar Jidda wadda Hausarta ke tafiya da sandar Larabci. Ta zo mayar da wata samira, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen abaya.

"Ya Khala, wallahi ni ban yarda ba, bas haka suke faɗa. Wai kina tsaki a kan abincin. Wai sun ƙirga, sau tara. Hajiyarmu ta ce, ya'ani, ashe shekara da shekaru kina ba su ne kina ƙyashi, benen ne ya rufa miki asiri."

Yarinyar ta fara neman hanyar gudu, Barakatu ta tsayar da ita da tambaya.

"Yanzu ina suke taruwa?"

"Gidanmu, Khala."

"Halas. Ki gaida ta."

A ce da mace mummuna, ta haƙura. A ce ba ta haihu ba, wannan na Allah ne. Amma a ce da Barakatu marowaciya, matar da takan tsaya tun hantsi tana naɗe ganye ɗari biyu da ciwon gwiwa don waɗansu gandama-gandaman mata su zo su lashe a minti goma? Mata takwas, kowace da baki kamar ƙofar gari, an rasa guda ɗaya da za ta ɗaga labule ta ce lafiya. Ƙirgawa suka zauna yi, sai ka ce masu jan carbi. Kwana shida tana tafasa, har mai kanti ya daina yi mata barkwanci.

Ranar Alhamis ta ɗauki tasi. Ta sauka a ƙofar Dela da ƙaramin murhun gas, tukunyar romo, ƙwai dozin da lemun tsami a ƙulle a gefen mayafi. Ta yi sallama, ba ta jira amsa ba. Mata suna zagaye da dafa-duka mai kama da ta gidan makoki. Ta ture tiren da ƙafa, ta dasa murhunta a tsakiyar kafet.

"Baraka, mene ne haka? Za ki ƙona min gida?"

"Zauna, Hajiya mai lissafi. Yau kyauta za ki yi karatu, ni da bayan hannuna na biya."

Ta kaɗa ƙwai da lemo a kwano na farko, ta datse bakinta gam, ta kwara romo. Nan take abin ya tsinke, ya yi gudaji-gudaji yana yawo kamar nonon da ya kwana a rana. Gaskiya dai a fusace ta antaya shi gaba ɗaya, ko limami ne ya tofa masa addu'a sai ya tsinke, amma wa zai faɗa mata a ranar?

Ta ja kwano na biyu. Ta tsiyaya a hankali, ta tsuke baki, ƙarar nan ta fito ɗaya bayan ɗaya.

"Ku ƙirga mana. Na ga kun iya."

Ba wadda ta ƙirga. Shurba ta haɗu sumul, rawaya, tana sheƙi.

Dela ta gyara ɗaurin ɗankwali. "To mu ina muka san camfin Nasara? A garinmu in mace ta yi wannan a kan tukunya, an san abin da take nufi."

"A garinku in aminiya ta yi tsaki, ba a tambayarta me ya same ta? Shekara ashirin da biyu, Dela. Ni na wanke ki da kika yi zazzaɓin nan a Karantina. A ce ma tsakin gaske na yi. A ce gwiwa ce ta ishe ni, ko kafili, mai tsaya min a takardar zama, ne ya juya min baya. Taku uku ne tsakaninki da labulen. Kika zauna a kan ɗuwawunki kina haɗa min hisabi, kika kwashe min mutane kika kawo su kan wannan shinkafa da ko kyanwa sai ta yi shawara."

Wata ta yi dariya ta mayar da ita tari.

Barakatu ta zuba wa kowa mai kyan, har Khadijatu. Kwanon da ya tsinke ta ajiye shi gaban Dela, ta soka cokali a ciki.

"Ga wadda ba a yi wa tsaki ba. Bismilla."

Dela ta dubi kwanon, ta dubi mata, ba ta ga mai ceto ba. Ta ɗauki cokali. Ta shanye tas, tana yamutsa fuska, har da kankare gindin kwano.

"Gishiri ya yi kaɗan," in ji ta.

Alhamis ta gaba aka dawo Hindawiyya, an tarar ta cire labulen ta yi tsumma da shi. Ba ta sake rataya wani ba har ta rasu a 2010. Ba ta kuma huce duka ba. Duk ranar shurba, in ta gama tsotsar iskarta a kan tukunya, sai ta juyo ta dubi Dela ido cikin ido, ta ja wani dogon tsaki na asali, irin na Ɗambatta.

"Wancan na miya ne," takan ce. "Wannan naki ne. Miƙo kwanon."